Bununi da Hayaƙi da Hanta: Faɗakarwa ga Jama'ar Ƙasar Daura

Jama'a masu sauraronmu na birnin Daura da kewayensa, da na Baure da Zango da Sandamu da Mai'adua, har da 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka waɗanda muryar wannan shiri take isa gare su, ga mu a cikin filinmu na faɗakarwa a kan lafiyar jiki.

Mas'alar da za mu tattauna yau, in Allah ya yarda, kusan babu gidan da ba ta shiga ba a ƙasar nan, ko da yake sabo ya sa mun raina ta. Ina nufin atishawar nan da ba ta ƙarewa, da ƙaiƙayin ido da yoyon hanci, da tarin dare, da ƙuncin ƙirjin da ake kira fuka ko asma, waɗanda sukan taso wa wani a ayyanannen lokaci na shekara, su ƙyale ɗan'uwansa da suke kwana ɗaki ɗaya. In aka tambaya sai a ce mura ce, ko a ce sanyi ne ya shige shi, a aiki yaro kemis ya haɗo magani, shi ke nan. Alhali kuwa masanan da suka ƙarar da rayuwarsu wajen binciken wannan al'amari sun nuna cewa abin da tsirrai suke saki a iska, da abin da mu muke ƙara mata na hayaƙi, da yadda hantar kowane mutum take sarrafa maganin da ya haɗiya, duk suna da hannu a ciki, kuma wanda ya san ɗaya bai san sauran ba zai iya cutar da kansa a wajen neman sauƙi.

Duk wanda ya taɓa ratsa gonar gero da hantsi a cikin watan Agusta, sa'ad da zangarniya ta fito ta yi bununi, ya san yadda wani gari mai ruwan ɗorawa yakan zubo masa a kafaɗa da hannun riga, har ya maƙale a gashin gira, in iska ta kaɗa kuma a ga yana tashi yana bin kan gonar. Wannan garin shi ne irin namiji na shuka, wanda sai ya sauka a kan ɓangaren mace kafin ƙwaya ta ƙullu, kuma da babu shi da babu dami ko ɗaya da zai shiga rumbu. Magabata sun san wannan tun da daɗewa, domin mutanen Madina a zamanin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, suna ɗaukar furen namijin dabino su sanya a cikin na macen, kamar yadda masu dabino a Dutse da ƙasar Agadas suke yi har gobe, kuma malaman tafsiri sun yi bayani a kan aya ta 22 ta Suratul Hijri, inda aka siffanta iskoki da aikin barbara. To, amma tsirrai iri biyu ne a wannan fage. Kabewa da kankana da duma sun dogara ga zuma da sauran ƙwari, saboda haka garin furensu yana da nauyi da danƙo, ba ya nisa. Dangin ciyawa kuwa, tun daga gero da maiwa har zuwa gamba da kyasuwa da ƙarangiya da harƙiya, sun dogara ga iska, kuma da yake iska ba ta da tabbas, sai hikimar Mahalicci ta sa suke sakin gari mai yawan gaske, marar nauyi, wanda ƙwayarsa ɗaya ba ta kai kaurin silin gashin kai ba. Irin wannan shi ne mai shiga hanci, kuma kakarsa a wajenmu tana kamawa daga tsakiyar damina zuwa farkon kaka.

Daga cikin waɗanda suka fara lura da cewa irin wannan mura tana bin lokacin fure akwai babban malamin ɗibbu Abubakar Ar-Razi, wanda ya rasu wajen shekarar 925 Miladiyya, domin ya rubuta wata risala a kan dalilin da ya sa zukamu yake kama malamin nan Abu Zaid Al-Balkhi duk sa'ad da wardi ya buɗe. Amma tabbataccen dalili sai a ƙarni na 19 ya bayyana, a hannun wani likita na birnin Mancesta a Ingila mai suna Charles Blackley, wanda shi kansa yana fama da ciwon. Wannan bawan Allah ya shafa wa gilasai wani abu mai danƙo ya ajiye a fili, yana ƙirga ƙwayoyin garin da suka manne kowace rana yana gwadawa da tsananin atishawarsa. Ya ɗaura wasu gilasan a jikin takardar da yara kan tayar sama da zare, ya tarar akwai garin har can sama. Sa'an nan ya yagi fatar hannunsa ya shafa garin, wurin ya kumbura ya yi ja. Ya buga sakamakon a littafi a 1873, kuma gwajin fatar da likitoci suke yi yau daga nan ya samo asali. Sai a 1966 wasu masana biyu 'yan Japan, miji da mata, Kimishige da Teruko Ishizaka, suka gano sinadarin da ke cikin jini mai haddasa wannan bori, wanda aka sa wa suna IgE.

Abin da yake faruwa a jiki shi ne, garkuwar da Allah ya halitta don yaƙar cututtuka takan yi kuskure a jikin wasu mutane, ta ɗauki bununi, wanda ba shi da dafi, a matsayin maƙiyi, ta tanadi wannan sinadari dominsa, ta yadda duk ranar da ya sake shigowa sai wasu ƙwayoyin halitta da ke cikin hanci da ido da huhu su saki wani ruwa mai suna histamin, wanda shi ne yake kawo ƙaiƙayi da kumburi da majina. Ga yadda mai sauraro zai bambance wannan da murar gaskiya. Mura ana ɗauka daga wani, takan zo da kasala ko zazzaɓi, kuma cikin mako ɗaya ko kwana goma ta wuce. Borin kuwa ba a ɗauka, majinarsa ruwa ce tsararo, yana tare da ƙaiƙayin ido, yana iya yin makonni, yana dawowa a wata guda kowace shekara, kuma sau da yawa in aka bincika sai a tarar uwa ko uba ko kaka suna da shi. Kafson da ake saye na kashe ƙwayoyin cuta ba ya maganin ko ɗaya daga cikin biyun, asarar kuɗi ce kawai da wahalar da jiki.

Kada kuma wani ya zaci abin ba ya kisa. Ran 21 ga Nuwamba 2016 hadari ya taso wa birnin Melbon na Ostireliya daidai lokacin da ciyawa take fure, laima ta farfasa ƙwayoyin garin suka zama ƙanana ainun, iska ta watsa su cikin gari, dubban mutane suka cika asibitoci cikin dare ɗaya, mutum 10 suka rasu. Saboda haka mai fuka, in ya ga hadari ya haɗo iska ta fara kaɗawa, ya shiga ɗaki.

Da bununi ya kwanta kuma sai hunturu ya shigo da nasa. Hazon nan da yake rufe mana rana daga Nuwamba zuwa Maris, mai yawa daga cikinsa yana tasowa ne daga wani kwari a ƙasar Cadi mai suna Bodele, wanda a dā can gindin babban tafki ne, inda iska take matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Inedi ta kwashi busasshiyar laka ta yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 kafin ta iso mu. Wannan ba mu da iko a kansa, illa dai mu yi koyi da dattawanmu masu jan amawali su rufe baki da hanci, mu kuma sa takunkumi. Haka nan ƙaiƙayin sussuka da shiƙa, wanda mata suka fi kowa shaƙa.

Amma akwai wanda yake hannunmu, kuma a kansa nake so in tsaya. Ku shiga madafar gida da asubar hunturu. Ɗaki ne ƙarami, ba taga, rufinsa ya yi baƙi ƙirin, kunkunniya tana reto daga azara. Uwargida ta durƙusa gaban murhu tana hura ɗanyen icce da karan dawa, wani lokaci har da leda don wuta ta kama da wuri, idonta yana hawaye, ga jariri goye a bayanta, hancinsa daidai inda hayaƙin ya fi kauri. Haka za ta yi safe da yamma, shekara da shekaru, ita da ba ta taɓa sa taba a bakinta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2 a duniya. Illarsa kuwa tana cikin ƙanƙantarsa, domin bununi akasari a hanci yake tsayawa, amma ɓurɓushin hayaƙi, wanda sai an jera kusan 30 kafin su kai kaurin gashi ɗaya, yana wucewa har ƙarshen huhu, wani ma ya shiga jini. A 2021 hukumar ta rage ma'aunin da ta yarda da shi na wannan ɓurɓushi zuwa rabin na dā, saboda hujjoji sun nuna ko kaɗan ɗinsa yana cutarwa. Ku haɗa da hayaƙin janareta da ake tayarwa a bakin ƙofa, da na manyan motocin da ke cika kasuwar Mai'adua ranar Lahadi, da na bolar da ake ƙonawa a lungu, da na maganin sauro mai hayaƙi a ɗakin da aka kulle.

Abin da ya fi jan hankalin masana shi ne yadda hayaƙi da bununi suke taimakon juna. A shekarun 1980 likitoci a Japan sun lura cewa borin garin wani itace ya fi yawa ga mazauna bakin hanyoyin mota fiye da mazauna kusa da dajin itatuwan, alhali garin da suke shaƙa kusan ɗaya ne, kuma gwaje-gwaje suka nuna cewa hayaƙin man gas yana zuga jiki ya ƙara yawan IgE. Sa'an nan a 2004 wasu masu bincike a Kalifoniya ta Amurka suka sanya wa masu bori garin fure tare da ɓurɓushin hayaƙin gas a hanci, sai suka ga waɗanda aka haifa ba su da wani sinadari mai suna GSTM1, wanda aikinsa kawar da guba daga jiki, borinsu ya fi na saura tsanani nesa ba kusa ba. Wannan shi ya kawo mu ga sashe na uku.

(Kiɗan algaita na ɗan lokaci)

Jama'a masu sauraro, barkanmu da dawowa. Da yawa daga cikinmu suna zaton in mutum ya haɗiyi ƙwaya kai tsaye take tafiya wurin da ke ciwo. Haƙiƙanin al'amari shi ne, kusan duk abin da hanji ya tsotse, abinci ne ko magani ko guba, sai jini ya fara kai shi hanta, kamar yadda kayan da suka fito daga Damagaram sai sun tsaya a Kongolam an duba su kafin su shigo Daura. A cikin hanta akwai wasu sinadarai masu aikin sauya siffar magani, su mayar da shi abin da ƙoda za ta iya fitarwa a fitsari, kuma mafi girman danginsu shi ne wanda wasu masana biyu na Osaka, Omura da Sato, suka sa wa suna P450 a 1962. In waɗannan sinadarai suka yi sauri, magani ya fita bai yi aiki ba. In suka yi jinkiri, ya taru a jini ya koma dafi. Awon da likita yake rubutawa, ɗaya da safe ɗaya da dare, an gina shi ne a kan wannan lissafi.

To, mutane ba ɗaya suke ba a wannan sauri. Wajen tsakiyar shekarun 1970 wani malami a asibitin St Mary's na Landan, Robert Smith, ya sha wani maganin hawan jini tare da abokan aikinsa don gwaji, su ba abin da ya same su, shi kuwa jininsa ya faɗi har ya kasa tsayuwa. Da suka bi diddigi sai suka gano cewa an haife shi ne da raunin ɗaya daga cikin sinadaran, wanda yanzu ake kira CYP2D6, kuma abin gado ne. Suka buga wannan a 1977. A 1980 kuma, tare da Farfesa Enitan Bababunmi na Jami'ar Ibadan, aka yi irin gwajin a kan 'yan Nijeriya, aka tarar mu ma muna da wannan bambanci a tsakaninmu. Akwai kuma kishiyarsa, domin wani bincike na 1996 ya nuna cewa kusan mutum 3 cikin 10 na mutanen Habasha da aka gwada suna da ninkin wannan sinadari. Muhimmancin wannan a gare mu a fili yake, saboda shi ne yake mayar da kodin ya zama mofin a cikin jiki, kuma shi yake sarrafa tiramol. Saurayi biyu za su sha kwalba iri ɗaya, ɗaya ya tashi, ɗayan mai ninkin sinadarin numfashinsa ya tsaya. Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, kuma ni dai ina ganin hanin ya zo a makare.

Bayan gado, abin da mutum yake shaƙa da abin da yake sha su ma suna canza saurin hanta. Ɗauki tiyofilin da ɗan'uwansa aminofilin, tsofaffin magungunan fuka. Hayaƙin taba yana zuga sinadarin da ke fitar da su, har mashayi ya buƙaci awo fiye da na wanda ba ya sha, in kuma ya daina taba bai sanar da likita ba, awon jiya ya yi masa yawa yau. An kuma nuna cewa yawan cin naman da aka gasa a kan gawayi yana yin irin wannan zuga. Sinadarin nan dai shi ne yake fitar da abin da ke hana barci a cikin goro da shayi. Cipro kuwa, wanda jama'a suke saye barkatai da sunan taifod, danne shi yake yi, saboda haka mai shan tiyofilin in ya haɗa da Cipro yana iya samun amai da bugun zuciya har da jijjiga. Irin wannan haɗuwa ce ta sa aka janye tafenadin, wani shahararren maganin atishawa, daga kasuwar Amurka zuwa 1998, bayan an ga yana rikita bugun zuciyar waɗanda suka haɗa shi da eritiromaisin. Rifamfisin na tarin fuka, watau tibi, shi kuma gaggauta hanta yake yi, har ya raunana ƙwayar tazarar haihuwa da wasu magungunan ƙanjamau.

Yanzu ku auna wannan da abin da muke yi. Mutum ya tsaya gaban kanta ya ce a haɗa masa na mura na ɗari biyar, a ɓalle fara biyu da ja ɗaya da rawaya ɗaya a ƙulle a leda, ba suna ba awo, ya watsa baki ɗaya, da dare kuma ya ƙara da jiƙon da maƙwabci ya ba shi. Magungunan mura da yawa akwai farasitamol a cikinsu, in aka ƙara da Panadol an ninka ke nan, alhali iyakar babban mutum mai lafiya giram 4 ne a yini da kwana, watau ƙwaya 8 masu miligiram 500, wuce haka yana iya lalata hanta. Piriton yana kwantar da atishawa amma yana sa gyangyaɗi, saboda haka ɗan acaɓa da direban da zai kama hanyar Kano ko Katsina su kiyaye. Asfirin da danginsa na ciwon jiki suna tayar wa wasu masu fuka da ciwonsu. Deksametazon da ake sha wata da watanni don yana buɗe ƙirji yana ta da sukari da hawan jini, yana kuma raunana ƙashi. Abin takaici kuma, maganin da ya fi dacewa da mai fuka, watau na shaƙa irin su Ventolin da wanda ake shaƙa kullum don rigakafi, shi ne jama'a suke tsoro, wai in an fara ba a dainawa. Wannan zance ba shi da asali. Na shaƙa yana zuwa huhu kai tsaye da ɗan awo kaɗan, bai buƙatar ya zagaya jiki duka, shi ya sa illarsa ta fi ta ƙwaya sauƙi ƙwarai.

Ina da kira ga malamanmu na jami'a. A kudu Farfesa Adebisi Sowunmi ta Jami'ar Ibadan ta share fage, domin tun 1973 ta buga bayanin siffofin garin furen tsirran Nijeriya kamar yadda ake ganinsu a madubin ƙara girma. Amma iskar kurmi daban, iskar Daura daban, kuma abin da aka ƙirga a Ibadan ba zai gaya wa likitan Zango makon da kyasuwa take fure ba. Na'urar aikin ba sabuwa ba ce, wani Bature mai suna Hirst ya ƙera ta tun 1952, tana zuƙar iska lita 10 a minti ɗaya, tana manna abin da ke ciki a kan wani gilashi mai danƙo. In ɗalibai daga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta Dutsin-Ma suka kafa irinta a kan wani bene a Daura, suka ƙirga shekara uku a jere, suka haɗa da rajistar masu zuwa asibiti da kuma ilmin manoma da makiyaya waɗanda suka san kowace ciyawa da sunanta da lokacinta, za a sami jadawalin da za a riƙa karantawa a rediyo, mai fuka ya san makon da zai tanadi abin shaƙarsa.

Ku kuma magidanta, kafin hunturun bana ya shigo a fasa wa madafa taga, a sayo busasshen icce ko murhu mai rage hayaƙi, a hana sa leda a wuta, a sauke jariri daga baya kafin a hura murhu, a kuma nisanta janareta daga ɗakin kwana. Wanda atishawa ko tari yake dawo masa ya riƙe watan da yake tasowa da wurin da yake tsananta, in zai je asibiti ya tafi da kwalayen duk abin da yake sha, har da na gargajiya, kada ya ɓoye wa likita taba ko goro. Tarin da ya wuce mako biyu a je a gwada, gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. In kuwa kuka ga yaro yana numfashi da ƙyar, haƙarƙarinsa yana lotsawa, ya kasa shan nono ko ya kasa ƙarasa magana, ko leɓensa ya canza launi, kada a jira gari ya waye, a ɗauke shi zuwa asibiti a wannan sa'a. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.